Kashi Talatin da Bakwai

A Aboabo, bayan masu gyaran babur,
shagona taku huɗu ne da rabi.
Kwamfutar da Baba ya bari
tana kan tebur, tana numfashi kamar mai asma.
Ba ta taɓa ɗanɗana intanet ba,
abincinta a aljihu nake kawo mata.

Sabuwar na'urar buga takarda ta ƙi gaishe ta,
wai sai an sabunta mata kai.
Na hau trotro zuwa Adum,
Mumuni ya zuba min fayil a fulash,
sidi goma, ya ce har da albarka a ciki.

Na dawo, na soka.
Goma. Ashirin. Fankar cikinta ta ɗau kuka.
Talatin da bakwai,
ta toge kamar akuyar da aka ja bakin rafi.
Sai rubutu: an kasa, ana mayar da komai yadda yake.
Ga wata doguwar lamba a ƙasa,
irin wadda ko ka kira ba mai ɗagawa.

Hajiya Lariba na bakin ƙofa da takardarta,
sunan jikanta jibi,
kati ɗari biyu, da ruwan zinariya.
Na ce gobe.
Ta ce, jiya ma goben ka ba ni.

Na zargi fulash, na auna fayil,
ko ƙwaya bai zube a hanya ba.
Na zargi ƙuncin wuri, na share hotunan bikin
mutanen da 'ya'yansu har sun shiga makaranta.
Na zargi wuta, na roƙi Isaka mai aski
ya ja min waya daga janaretonsa.
Mumuni ya ce ai akwai ƙaramin fayil
da ke fara yin sallama kafin babban ya shiga.
Na sake Adum. Na sake sidi.
Ƙaramin ma a waje aka bar shi tsaye.

Talatin da bakwai.
Kokona ya huce har ya yi fata.

Bayan isha'i na buɗe kundin da take rubuta ƙorafinta,
layi bisa layi, ba wanda ya taɓa karanta mata.
Can ƙasa na tsinci maganar:
ba a yarda da sa hannun saƙon nan ba,
kwanansa bai zo ba tukuna.

Bai zo ba?
Na kai ido kusurwar allo.
Ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara.

Ashe kullum na kashe ta
can take komawa ta kwana.
Shekarar da Baba ke kan kujerar nan,
yana bugu da yatsa biyu, tabarau a ƙarshen hanci,
ni ina kawo shayi, ina shan faɗa.
Wasiƙa ta zo mata daga shekarun da ba ta san an yi ba,
ta ce ƙarya ne.
Ina laifinta?
Ni ma ranar da likita ya fito yana goge hannu
abin da na ce ke nan.

Na kwance murfi.
Ga ɗan batir, faɗinsa bai fi kwabo ba,
ya mutu tuntuni, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.
Kasuwa ta tashi.
A durowa akwai abin awon sukarin Baba,
shekara biyu ba a taɓa shi ba.
Na juya bayansa. Iri ɗaya ne.

Ta farka, ta tambaye ni kwanan wata.
Na daɗe hannuna na kan madannai.
Janareton Isaka ya yi tari, ya ci gaba.
Sannan na gaya mata gaskiya.

Talatin da shida.
Talatin da bakwai.
Na kau da kai, ina kallon ƙadangare a bango.
Da na waiwayo, arba'in da ɗaya.

Da hantsi Hajiya Lariba ta ƙirga katinta sau biyu,
ta ɗaga ɗaya ta haska a rana,
ta ce zinariyar ta yi duhu.